WAYA A HANNUN YARO: AMANAR DA ZA A TAMBAYE MU

Matanin jawabin da aka gabatar gaban iyaye da malaman makarantun Islamiyya a garin Malam Madori, ƙasar Haɗeja.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam ji da gani da hankali, kuma zai tambaye shi a kan kowane ɗaya daga cikinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da ya tara mu a yau ƙarami ne a ido, domin bai wuce tafin hannu ba, amma ya shiga ɗakunan da baƙo bai taɓa shiga ba, yana kuma hira da 'ya'yanmu a lokacin da mu muke barci. Muna nufin wayar hannu da abin da ke cikinta na intanet, musamman a hannun yaro ko yarinya da ke tsakanin shekara goma sha uku zuwa sha tara, wato shekarun da alƙalami yake fara hawa kan mutum alhali hankalinsa bai gama zama ba.

Mutanen wannan gari ba sa bukatar a gaya musu yadda sabon abu yake shigowa ya sauya rayuwa. Titin jirgin ƙasa da ya taso daga Kano ya isa Nguru a 1930 ta nan ya ratsa, kuma tasharsa da cinikin gyaɗa su ne suka raya Malam Madori. Jirgi ya kawo arziki, ya kawo baƙi na kirki, ya kuma kawo waɗanda ba na kirki ba, amma ba mu ji cewa magabata sun tashi su tumɓuke dogo ba. Daga baya rediyo ta zo, wasu suka ƙyamace ta, sai ga shi ta cikinta ne tafsirin marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya isa ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Haka kaset. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan a kaset suka fara jin kiran komawa ga Sunna. Saboda haka ba mu ne za mu ce na'ura a karan kanta haramun ce ba. Hukuncinta yana bin abin da aka yi da ita.

Kuma ko da mun so mu kauce mata, zamani bai bar mana hanya ba. Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a 2001, kuma a wannan shekarar ce Jihar Jigawa ta buɗe makarantar koyon ilmin kwamfuta a Kazaure. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, ta yadda yaron da bai taɓa riƙe ta ba zai iya faɗuwa ko da ya san amsa. Mai shinkafa a fadama da mai kifi a kasuwar Haɗeja ta waya suke jin farashi, ta waya ake biyansu. Mutumin da aka naɗa a 2019 ya shugabanci hukumar NITDA mai kula da bunƙasa fasahar sadarwa a ƙasar nan, aka kuma sabunta masa a 2023, wato Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. To wa zai ce wannan ilmi ba na 'ya'yanmu ba ne?

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin waya da rediyo, kuma a nan ne matsalar take. Rediyo a zaure ake kunna ta, abin da yaro ya ji uba ma ya ji, kuma ba ta sauraron kowa. Ita kuwa waya mutum ɗaya take yi wa magana a asirce, kuma tana karɓa kamar yadda take bayarwa. Yaron da ke riƙe da ita ba mai sauraro ba ne kawai. Mai magana ne, mai yaɗa labari ne, mai ciniki ne, yana iya zama wanda aka zalunta, yana kuma iya zama azzalumi, duk yana kwance a kan tabarmarsa.

Mun lura iyaye sun kasu gida biyu a kan wannan al'amari. Akwai wanda in ya ga waya a hannun ɗansa sai ya ƙwace ya rotsa ta da ƙasa, ya ɗauka ya gama aiki, alhali gobe yaron zai ari ta abokinsa a bayan makaranta, ko ya ajiye wata a shagon caji inda uban ba zai taɓa gani ba. Akwai kuma wanda ya saya wa yarinya babbar waya don kada a ce ya gaza, ya miƙa mata ya juya baya, bai sake tambaya ba. Mu mutanen bakin kogi ne. Mun san cewa wanda ya hana ɗansa koyon iyo don tsoron ruwa bai tsare shi ba, haka wanda ya sake shi a gulbi cikin watan Agusta ba tare da kowa ba. Ana ɗaure jinga, ana kuma koya wa yaro inda zurfi yake. Aya ta 6 a Suratut Tahrim ta ɗora wa mai gida tsare kansa da iyalinsa daga wuta, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa ana yin wannan tsarewa ne ta hanyar ilmantarwa da ladabtarwa. Wannan shi ne abin da muke kira zuwa gare shi: a mayar da ladubban waya darasi da ake karantarwa, kamar yadda ake karantar da alwala.

LABARI DA ISNADINSA

Abu na farko da yaro yake aikatawa da waya, tun kafin ya iya komai, shi ne tura abin da aka turo masa. Kuma yawanci ba ya ganin ya yi wani aiki, domin ba shi ya rubuta ba. To a sanar da shi cewa Imamu Muslim, a gabatarwar Sahihinsa, ya kawo hadisin da ke nuna cewa ba da labarin duk abin da mutum ya ji ya isa ya shigar da shi sahun maƙaryata. Aya ta 6 a Suratul Hujurat kuma ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma faɗi dalili, wato kada a cuci mutane cikin jahilci a dawo ana nadama.

Wannan nadama mun gan ta da idonmu. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya bazu cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka yi ta tashin 'yan'uwansu da asuba don ƙauna, aka kwantar da wasu a asibiti, aƙalla mutum biyu suka rasa rayukansu. Gishiri ya kashe su, Ebola ba ta ko je garinsu ba. A watan Yunin 2018, a rikicin Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa ga abin da aka yi wa mutanenmu, aka tare hanya aka kashe matafiya da ba su ji ba ba su gani ba, daga baya binciken BBC ya nuna cewa wasu daga cikin hotunan ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba. Ku duba kuma halin da muke shiga a nan duk damina mai ƙarfi, irin ta 2020 da ta 2022, sa'ad da ruwa ya ci gonaki da gidaje a ƙasar Haɗeja. A irin wannan lokaci saƙon murya guda da ke cewa dam ɗin Tiga ya fashe, ko jinga ta ɓalle a wuri kaza, yana iya tayar da unguwa cikin dare. Kuma ɓarnar ba ta tsaya nan ba, domin in ƙarya ta yawaita, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo daga hukuma ba wanda zai motsa.

Abin mamaki, babu al'ummar da ta kai mu gadon ilmin tantance labari. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin sun haɗu, shin mai gaskiya ne, shin yana da kiyayewa. Da wannan ma'auni aka raba ingantacce da rarrauna da ƙagagge. Yaron da ya san cewa ba a karɓar hadisi ba isnadi, me zai hana a nuna masa cewa saƙon da ya fara da "an ce" ya ƙare da "tura wa mutum goma" labari ne marar isnadi? A koya masa ya tambayi asalin labari, da ranar da aka ɗauki hoton, da ko wata kafa da aka sani ta kawo shi. In bai samu amsa ba, ya bar saƙon ya mutu a wayarsa. Kuma a gaya masa cewa yanzu akwai abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda take iya kwaikwayon muryar malami ko basarake ta sa masa maganar da bai taɓa yi ba, har da motsin baki. Da can ana cewa gani ya kori ji. Yau ganin ma sai an bincika.

Ba za mu wuce nan ba sai mun yi magana da manya. Yaro yana gani ana yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu na wani malami, a cire farkonsa da ƙarshensa, a yaɗa don a tozarta shi, kuma masu yaɗawar masu gemu ne da ke sahun gaba a masallaci. Yana karanta zagin da almajiran wannan suke yi wa almajiran wancan da sunan kare addini. Raddi na ilmi yana da ladubbansa, kuma ba mu ce a bar bayyana gaskiya ba. Amma yanke magana don a sauya ma'anarta ha'inci ne, ko a kan wa aka yi shi, ko da a kan wanda muke saɓani da shi ne a aƙida. Uban da ke yin haka ba shi da bakin da zai hana ɗansa zagin abokin ajinsa a zauren WhatsApp.

MUTUNCIN RAYAYYE DA NA MAMACI

A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a garin Majiya, Ƙaramar Hukumar Taura, a kan wannan hanya tamu ta Kano zuwa Haɗeja, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Kafin a gama haƙa kabari hotunan ƙonannun gawarwaki sun gama zagaya wayoyi. Ku yi tunanin uwar da za ta buɗe waya ta ci karo da ɗanta a wannan hali. Musulunci ya sa a gaggauta suturta mamaci, ya kuma hori mai wanka da ya rufa asirin abin da ya gani. Yaya za a yi mu tashi yara waɗanda in an yi haɗari hannunsu ya fi saurin zuwa ga kyamara fiye da zuwa ga wanda ke neman taimako?

Haka batun ɗaukar hoton mahaukaci, ko tsoho da ya yi tuntuɓe, ko ɓarawon da aka kama, a sa don a yi dariya. Ayoyi na 11 da 12 a Suratul Hujurat sun hana izgili da jifa da miyagun laƙabobi da mugun zato da bin diddigin asirin mutane da giba, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake zama halal don an yi shi da yatsa maimakon harshe. Hasali ma na yatsa ya fi muni. Gibar zaure tana watsewa in an tashi, ta waya kuwa tana nan ana ta kwafa, mai ita yana kabari zunubinta yana bin sa. Suratun Nur, daga aya ta 11 zuwa gaba, ta ba da labarin ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha (R.A.), kuma zargin bai tsaya kan wanda ya ƙaga ba, ya haɗa da waɗanda suka karɓa daga baki zuwa baki suna zaton abu ne mai sauƙi. Yarinya nawa aka fasa aurenta a ƙasar Hausa saboda hoton da aka haɗa ko maganar da aka jingina mata?

A kuma sanar da matasa cewa ban da hisabin lahira akwai na duniya. Najeriya tana da dokar laifuffukan intanet tun 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. A watan Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, aka kai shi Abuja aka tsare, saboda 'yan kalmomi da ya rubuta watanni kafin nan a kan matar shugaban ƙasa na wancan lokaci, sai da jama'a suka yi ca aka janye ƙarar. A wannan watan ne kuma wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamna. Ba muna cewa duk abin da masu mulki suka yi a irin wannan daidai ne ba, kuma faɗa wa shugaba gaskiya haƙƙi ne da ba za mu koya wa 'ya'yanmu su sarayar ba. Amma su san bambancin nasiha mai hujja da cin mutunci, su kuma san cewa abin da aka rubuta ba ya gogewa.

TARKON DA YA FI BA MU TSORO

Yanzu za mu taɓo abin da kunya take hana a faɗa a taro, amma babu kunya a wajen sanin addini. Akwai mutanen da sana'arsu ita ce farautar yara. Mutum zai buɗe shafi da hoton kyakkyawar yarinya ko saurayi mai kuɗi, ya fara da sallama da yabo, ya tura katin waya, ya saurari damuwar da ba a saurara a gida ba. In ya ga an sake da shi sai ya nemi hoto, daga na fuska zuwa wanda bai kamata ba. Da zarar ya samu sai murya ta sauya: ko a turo kuɗi, ko a zo inda ya ce, ko kuwa ya watsa hoton ga iyaye da 'yan makaranta.

Kada wani ya ce wannan sai 'ya'yan Turawa, ko sai 'yan mata. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe kimanin shafuka 63,000 na Instagram da ake gudanarwa daga Najeriya don wannan aiki. A watan Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a Jihar Mishigan ta Amurka ya kashe kansa cikin 'yan sa'o'i bayan an yi masa irin wannan barazana, kuma waɗanda suka yi masa wasu samari ne biyu, wa da ƙani, daga Legas. An miƙa su Amurka, a watan Satumban 2024 aka ɗaure kowannensu shekara goma sha bakwai da rabi. Ku dubi wannan labari ta fuska biyu. Gida ɗaya ya rasa ɗa, wani gidan ya rasa biyu, kuma duka ukun matasa ne masu waya a hannu.

Makamin wannan azzalumi guda ɗaya ne, shi ne tsoron da yaro yake yi wa iyayensa. Ya san cewa yarinya ta gwammace ta saci kuɗin mahaifiyarta, ko ta bi shi inda ya kira ta, da a ce babanta ya ji. Saboda haka muna roƙon iyaye, don girman Allah, ku gaya wa 'ya'yanku tun kafin abu ya faru cewa duk abin da ya same su a waya, komai muninsa, su zo gare ku, za ku fara da ceto kafin faɗa. Wannan ba sassauci ba ne ga saɓo. Saɓo yana da tuba, kuma Allah Yana son a rufa asirin Musulmi. In abin ya riga ya auku, kada a biya ko kwabo, domin wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Kada a goge saƙonnin, su ne hujja. A daina amsa masa, a kai rahoton shafin, a toshe shi, a sanar da hukuma ta hannun babba mai hankali. Kuma kada a bar yaron shi kaɗai a wannan dare.

Tun farko kuma a kafa musu ƙa'ida da ba ta da togiya: hoton da ba za ka iya nuna wa mahaifiyarka ba kada a ɗauke shi sam, ko da wanda ya nema shi ne wanda aka sa muku rana. Waya tana ɓata, tana zuwa wajen mai gyara, soyayya kuma tana juyewa ta zama gaba. Umarnin runtse ido da ke ayoyi na 30 da 31 na Suratun Nur da maza ya fara kafin mata, don haka kada a tsananta wa 'ya mace a saki ɗa namiji yana kallon abin da ya ga dama.

DUKIYA

Ta fuskar kuɗi, abin da za a koya musu bai da tsawo. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, ko lambar da ya turo ta saƙo. Duk wanda ya nema ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunanka da na mahaifinka. Lamba shida da WhatsApp yake turowa ita ce mabuɗin gidan, wanda ya karɓe ta ya ƙwace shafin, ya shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. A cikin manhajar akwai wurin sa makulli na biyu, a nemi wanda ya iya ya sa wa kowa a gida, a kuma sa wa layin waya lambar sirri, domin da layin da aka sace ake kwashe asusu. Saƙon tallafi da ke cewa a latsa nan a cike suna da BVN tarko ne. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan dubban matasa da ke bi suna sayen lambobin NIN da BVN na mutane da 'yan kuɗi kaɗan. Wanda ya sayar da lambarsa, ko ya ba da aron asusunsa aka zuba kuɗin sata ko na fansa, shi za a fara kamawa.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a watan Disambar 2016, CBEX ta maimaita a watan Afrilun 2025, kuma wata tana nan tafe da sabon suna. Cacar ƙwallo, wadda a da sai an shiga shago ana waige-waige, yanzu tana cikin aljihu, kuma sauya mata suna bai fitar da ita daga hukuncin aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba. Amma wanda ya fi damunmu shi ne saurayin da ya fara ganin damfarar intanet a matsayin wayo, har yana cewa ai dukiyar kafiri ce. Wannan fatawar Shaiɗan ce. Yaudara haramun ce a kan Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kuma Manzon Allah (S.A.W.) a daren hijira ya bar Sayyidina Ali (R.A.) a Makka ne don ya mayar da ajiyar mutanen da suke neman ransa. Uwar da ɗanta marar sana'a ya kawo mata atamfa da buhun shinkafa, wajibi ne ta tambaye shi inda ya samu kafin ta sa albarka. Irin wannan amana ce ta hau kan ɗalibin da ya sa na'ura ta rubuta masa aikin makaranta ya miƙa da sunansa, da wanda yake kwafe littafin marubuci yana rabawa ba da izini ba.

WA ZAI KARANTAR?

Ba sai mun jira manhaja daga Abuja ba. Littafin Ahalari da yaranmu suke fara fiƙihu da shi, kafin ya shiga tsarki sai da ya yi magana a kan kiyaye harshe da ido da haramcin ƙarya da giba da annamimanci. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta rufe da babuka a kan ci da sha, da sallama da neman izini, har da hukuncin wasanni. Wato malamanmu ba su ɗauki ladubban yau da kullum a matsayin abin da ke wajen fiƙihu ba. Abin da ya rage shi ne malami in ya zo waɗannan wurare ya kawo misali daga wayar da ke aljihun ɗalibinsa, ba daga rijiya da raƙumi kaɗai ba. In ya karantar da neman izini kafin shiga gida, ya haɗa da buɗe wayar wani, da sa mutum a zaure ba da saninsa ba, da ba da lambar yarinya ga wanda ya roƙa.

Mun san wasu malamanmu ba su saba da na'urar ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. A cikinmu akwai samari da 'yan mata da suka yi karatu a Kazaure, da kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗeja, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa. A haɗa malami da ɗaya daga cikinsu, wannan ya kawo hukunci, wancan ya nuna yadda tarkon yake aiki. Azuzuwan matan aure su ne suka fi cancanta a fara da su, domin uwa ce take ganin hasken waya a ƙarƙashin mayafi da ƙarfe biyun dare. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Ba za mu magance fitinar waya ta hanyar barin mata a duhu game da ita ba.

Muna kuma kira ga 'yan'uwanmu masu shagon caji, da masu tura fina-finai da waƙoƙi, da masu gyaran waya, da masu POS. Ku ne kuke ganin abin da iyaye ba sa gani. Wayar da aka kawo muku ajiya ce, buɗe hotunan cikinta cin amana ne, kuma tura wa yaro batsa don naira ɗari cinikin da ba zai yi albarka ba ne.

A cikin gida kuwa, su kansu kamfanonin Facebook da TikTok sun rubuta cewa sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, ƙasar Ostareliya kuma ta yi doka a 2024 ta ɗaga abin zuwa 16. In waɗanda suka ƙera abin suna sa iyaka, mu ne za mu miƙa wa ɗan shekara tara? Ra'ayinmu shi ne ƙaramin yaro ya yi amfani da wayar gida a gaban mutane, wanda ya tasa kuma a ba shi da sharaɗi: waya ba ta kwana a ɗakin barci, ba ta zuwa wajen cin abinci, ana ajiye ta in an kira salla. Wasu suna tambaya ko duba wayar ɗa yana cikin leƙen asirin da aka hana. Uba majiɓinci ne, yana da haƙƙin kulawa, amma ya fi kyau ya faɗa tun ranar da ya miƙa wayar cewa zai riƙa dubawa, ya kuma duba a gaban mai ita. Sanɗa cikin dare ba ta koya wa yaro komai sai gwanintar ɓoyewa.

Abin da muke nema daga shugabannin makarantun da ke nan shi ne kowace makaranta ta ware darasi ɗaya a mako ga manyan azuzuwa daga zango mai zuwa, ta kuma ba da sunan malami ɗaya da malama ɗaya waɗanda yaro zai iya kai wa kuka a asirce ba tare da labarin ya fita ba. Matasan da ke da ilmin kwamfuta kuma suke son ba da lokacinsu saboda Allah, su tsaya bayan an tashi a rubuta sunayensu da unguwanninsu.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare ƙasarmu daga ambaliya da fitina.